Filin Garka: Dashen Mangwaro da Takin Zamani

Daga Tibiri zuwa Jiratawa, masu garka a bakin Gulbin Maraɗi suna dashen mangwaro. Wasu dashensu yana kamawa, wasu kuma yana mutuwa tun shekara ta fari, kuɗi da wahala su tafi a banza. Abu biyu ne ke kawo haka: gindi da taki.

Mangwaro mai aure icce biyu ne. Gindi na ɗan ƙasa ne mai zare, wanda ya saba da ƙasarmu da zafinmu. Sama kuwa reshen iri mai kyau ne, kamar Kent. Mai aure yana fara ƴaƴa cikin shekara 3 ko 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye. A zaɓi gindi mai ƙarfi, mai kaurin fensir. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure a cire shi, don zai shanye abincin reshen.

Takin ire yana da azot kashi 46 cikin 100. Shi ke sa ganye da tsawo. Amma in ya yi yawa, yana ƙona saiwa. Ƙaramin dashe, cikin akwatin ashana 2 ya ishe shi, sau 3 a damana. A zuba shi kewaye, nesa da gindi, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa. Kada a manta da takin gida ruɓaɓɓe, da shinge saboda awaki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.