Fargabar Matasa da Natsuwar Dattawa a Magariya da Dungas

Masana halayyar ɗan Adam sukan bambanta fargaba, wato zullumin abin da bai riga ya faru ba, da walwalar zuciya, domin mutum yana iya dariya a dandali alhali tunanin gobe yana cin sa. A gundumomin Magariya da Dungas na yankin Damagaram, dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984, suka kuma raya gonakinsu ta hanyar barin itatuwan gawo su tsiro, suna auna kowace masifa da wadda ta gabace ta, shi ya sa hankalinsu ya fi kwanciya. Matashi kuwa ya gaji gonar da rabon gado ya tsuke, ya ga an rufe iyakar Najeriya a 2019 da 2023, lamarin da ya dagula cinikin Maigatari da ci-ranin Kano, sannan wayar hannu tana nuna masa arzikin tsararrakinsa kullum. Saboda haka, kiran damuwarsa rashin haƙuri ko raunin tawakkali zalunci ne, domin hirar fada da shayi ba ta biyan sadaki.