Ƙanƙarar Kofi Daban, Ƙanƙarar Tudu Daban

Akwai wata hujja da ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwananmu da wuraren shan shayi, har ta fara samun gindin zama a zukatan waɗansu da muke yi wa kallon masu ilmi. Hujjar kuwa ita ce: cika kofi da ruwa, jefa ƙanƙara a ciki, ka zauna ka jira ta narke, za ka ga ruwan bai tumbatsa ba. Saboda haka, in ji su, duk maganar da ake yi cewa narkewar ƙanƙara za ta sa teku ta tashi tatsuniya ce irin ta Turawa. Mai faɗin wannan yakan gyara zama yana murmushi, kamar ya kayar da masana kimiyyar duniya kaf da kofin zoɓo guda. To, mun ga ya kamata a ba shi amsa a rubuce.

Da farko, abin da ya gani a kofi gaskiya ne, kuma ba shi ya gano ba. Arkimidis, masanin Girka, ya bayyana shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce: abin da yake iyo bisa ruwa yakan ture ruwa daidai nauyinsa. Ƙanƙarar da take yawo a tekun ƙuryar arewacin duniya ta riga ta ci wurinta a cikin ruwa, don haka narkewarta ba ta ƙara wani abin kirki. Amma fa wa ya ce wa abokanmu duk ƙanƙarar duniya a cikin teku take? Mafi yawanta a tudu take zaune, bisa ƙasa da duwatsu. Tsibirin Girinlan yana ɗauke da ƙanƙarar da kaurinta ya kai kilomita 3 a waɗansu wurare, wadda in ta narke duka teku za ta tashi da kimanin mita 7. Ta nahiyar Antatika kuwa, can ƙuryar kudu, ta isa ta ɗaga teku da kimanin mita 58. In ana son gwaji na adalci, a cika kofin fal, sa'an nan a ɗora ƙanƙarar a mataci bisa bakinsa. Duk wanda ya yi haka zai nemi tsumma.

Ba wanda ya ce wannan ƙanƙara duka za ta narke a zamaninmu. Aikin ɗaruruwa ne ko dubban shekaru. Amma an riga an fara. Tun shekarar 2002 taurarin ɗan'adam suke auna nauyinta daga sama, sun kuwa nuna Girinlan tana asarar kimanin tan biliyan 270 a kowace shekara. A 2019 kaɗai ta zubar da fiye da tan biliyan 500. Lissafin mai sauƙi ne: kowane tan biliyan 360 da ya gangara teku yakan ɗaga ta da milimita 1 a duniya baki ɗaya.

Ko ita ƙanƙarar da ke iyo ɗin, kada a raina ta. A gefen Antatika akwai manya-manyan faifan ƙanƙara da suke kwance bisa ruwa amma suna manne da tudu, su ne suke tokare ƙanƙarar da ke bayansu don kada ta zame. Aikinsu ɗaya da wejin da yaron mota yake sa wa babbar mota a gangare. Weji ba kaya ba ne, nauyinsa bai taka kara ya karya ba, amma cire shi ka ga abin da zai faru da motar. A shekarar 2002 ɗaya daga cikin faifan nan, wanda ake kira Larsen B, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 3,000, ya tarwatse cikin 'yan makonni, sai kogunan ƙanƙara da ke bayansa suka ƙara gudu ninki-ba-ninki zuwa teku. Haka kuma farar ƙanƙara takan mayar da hasken rana sama, baƙin ruwa kuwa shanye shi yake yi. Duk wanda ya taɓa sa baƙar riga a watan Afrilu a Sakkwato ya san wannan ba sai ya shiga aji ba.

Akwai ma abin da masu hujjar kofi ba su taɓa ambata ba, watau ruwa yana kumbura in ya ɗumama, kamar yadda zaiba take hawa a ma'aunin zafin jiki na asibiti. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna rabin tashin teku daga 1971 zuwa 2018 daga wannan kumburi ya zo. Rahoton ya ce teku ta tashi da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Wani zai ce, tazarar da ba ta wuce taƙi guda ba? A dubi saurin. Daga 1901 zuwa 1971 milimita 1.3 ne a shekara. Daga 2006 zuwa 2018 ya zama 3.7. Da yayyafi kogi kan cika, balle yayyafin da ya ninka kusan sau uku.

Sai kuma masu cewa, to mu ina ruwanmu, tsakaninmu da teku tafiyar kwana ce a mota. Wannan ta fi ta farko ban takaici. Ina shanunmu da tumatirinmu da albasarmu suke zuwa in ba Ikko ba? Ta wace tasha kayan da ke Kantin Kwari suke sauka? Dubban 'yan'uwanmu suna Agege da Idi-Araba da Obalende, waɗansu tun kakanni. Yankin da ake haƙo man da gwamnatocin jihohinmu suke jiran kasonsa kowane wata, fadama ce da ƙyar ta ɗara teku. Garin Ayetoro na Jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947, teku ta riga ta cinye masa unguwanni. Gaskiya ne akwai hannun ɗan'adam na kusa a zaizayar gaɓarmu, kamar kwasar yashi da katangun dutse da 'yan mulkin mallaka suka gina a mashigin tashar Ikko, waɗanda suka tare yashin da ke ciyar da gaɓa. To, gaɓar da aka riga aka raunana ita ce tashin teku zai fara kayarwa.

Wa ya hura wutar nan? Tun 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya lissafa cewa hayaƙin kwal zai ɗumama duniya. A 1978 John Mercer ya yi kashedi a kan ƙanƙarar yammacin Antatika. An sani, aka ci gaba da ƙonawa, domin riba tana shiga. Afirka duka, da mutanenta fiye da biliyan guda, abin da take fitarwa na iskar kabon bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! A Kofenhegin a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 a shekara kafin 2020. Lokacin ya zo ya wuce ba su cika ba. A shekarar 2009 ɗin ne shugaban tsibiran Maldibs, Mohamed Nasheed, ya yi taron ministocinsa a ƙarƙashin ruwa don duniya ta waiwayo. Musulmi ne 'yan'uwanmu, ƙasarsu kuwa tsayinta bisa teku bai wuce mita ɗaya da rabi ba a matsakaici. Wanda yake yaɗa hujjar kofi a cikinmu, ya sani ko bai sani ba, lauya ne na kamfanonin mai da kwal, lauyan da ko kwabo ba a biya shi ba.

Shugabanninmu ma ba za mu wanke su ba. Dokar 1979 ta sa shekarar 1984 a matsayin wa'adin daina ƙona iskar gas a rijiyoyin mai. An yi ta ɗage wa'adi, wutar tana ci dare da rana a kan mutanen da ruwa zai fara ci. Da wane baki za mu nemi diyya a taron duniya alhali hayaƙi yana tashi daga bayan gidanmu?

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya muhawara a babban ɗakin taro kafin ƙarshen zangon nan, ta gayyato malaman sashen labarin ƙasa da na kimiyyar lissafi. Masu hujjar kofi su zo da kofinsu. Mu za mu zo da mataci, ƙanƙarar kuma mun ɗauki nauyin sayenta.