Sau Ɗaya Yaro Yake Koyon Karatu

A ƙasar Amurka akwai mutane fiye da miliyan 40 waɗanda da Sifaniyanci suke magana a cikin gidajensu. Yawancinsu asalinsu daga Meksiko ne, wasu kuwa daga tsibiran Kuba da Puerto Riko da sauran ƙasashen kudancin nahiyar. 'Ya'yansu suna tashi da harsuna biyu, wato Sifaniyanci a ɗakin uwa, Turanci kuma a titi da talabijin. To, ranar da aka kai irin wannan yaro aji ɗaya, da wane harshe za a fara koya masa karatu, kuma wane irin littafi za a miƙa masa? Wannan tambaya ta daɗe tana haddasa taƙaddama a can, har ta kai ga jefa ƙuri'a. Ni dai ra'ayina shi ne a fara masa da Sifaniyanci, kuma da littattafan da tun asali da Sifaniyanci aka rubuta su.

Bari in fara da ƙwaƙwalwa, tun da yake nan ne fagena. Ɗan Adam ana haifarsa da shirin koyon magana, shi ya sa babu wanda yake buɗe wa jariri aji domin ya koyi cewa "mama". Karatu kuwa ba haka yake ba, domin rubutu bai fi shekara dubu 5 da 'yan kai da samuwa a duniya ba. Abin da ƙwaƙwalwa take yi shi ne aro. Masanin Faransa Stanislas Dehaene da abokin aikinsa Laurent Cohen sun nuna, ta hanyar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, cewa akwai wani ɗan wuri a ɓarin hagu, can ƙasa wajen ƙeya, wanda asalin aikinsa gane surar abubuwa ne, amma a wurin wanda ya koyi karatu sai ya zama mai gane haruffa. Daga nan saƙo yake wucewa zuwa sassan da suke kula da sautin magana da ma'ana. Wato koyon karatu gina gada ne tsakanin ido da maganar da yaro ya riga ya mallaka. Idan kuwa yaron bai mallaki harshen ba tukuna, an sa shi ya gina gada ke nan zuwa gaɓar da babu ita. Zai iya furta abin da yake kan allo kamar aku, amma ba zai san abin da ya faɗa ba.

Sifaniyanci kuma yana da wata fa'ida ta daban. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kowannensu sauti ɗaya yake bayarwa ko'ina aka gan shi. Akwai 'yan matsaloli, alal misali harafin h ba a furta shi, b da v kuwa sautinsu ɗaya, amma duk da haka yaron da ya san haɗa baƙi da wasali zai iya karanta kusan kowace kalma. Turanci kuwa kowa a cikinmu ya sha wuyarsa, harafi ɗaya ya ba da sauti uku ko huɗu. A shekarar 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa yaran aji ɗaya a harsunan Turai 13. Yaran Sifen sun karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomin da aka ba su daidai, masu Turanci kuwa ba su kai kashi 40 ba. Gaskiya ne yaran Turancin sun ɗan fi ƙuruciya, domin a Sikotilan da wuri ake shiga makaranta, sai dai wannan kaɗai bai isa ya bayyana irin wannan rata ba.

Masu adawa suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa duk sa'ar da aka ɓata a kan Sifaniyanci an rage ta ne daga Turanci, alhali da Turanci yaron zai ci jarrabawa ya sami aiki. Iyaye da yawa, har da masu Sifaniyancin kansu, sun ga 'ya'yansu sun shekara da shekaru a azuzuwan da ba su da ƙwararrun malamai, sun fito babu wannan babu wancan. A 1998 jama'ar jihar Kalifoniya suka jefa ƙuri'a, kimanin kashi 61 cikin 100 suka amince da doka mai lamba 227, wadda ta ce a koyar da irin waɗannan yara da Turanci kusan zalla. Shekara 18 bayan haka, wato a 2016, jihar ta sauya ra'ayi, aka soke yawancin dokar da rinjayen da ya wuce kashi 70.

Kuskuren wannan hujja shi ne ɗaukar ƙwaƙwalwa kamar tulu, wanda idan aka zuba masa man gyaɗa sai wurin manja ya ragu. Tun a 1979 masanin ilimi Jim Cummins ya yi bayanin cewa abin da yaro ya koya game da karatu a harshe ɗaya yana bin sa zuwa na biyu. Sanin cewa kalma tana rarrabuwa gaɓa-gaɓa, da cewa harafi wakilin sauti ne, da cewa labari yana da farko da ƙarshe, duk wannan ba a sake koyonsa. Wani kwamitin masana da ya duba binciken da aka tara a Amurka ya fitar da rahoto a 2006, ya ce yaran da aka koya musu da harsunan biyu, a jimlace sun ɗan fi waɗanda aka koya musu da Turanci kaɗai iya karatun Turancin kansa. Ribar ba mai yawa ba ce, amma an same ta ne tare da harshe na biyu a hannu. Ga kuma wata riba da mu malaman kimiyya muka fi gani: Sifaniyanci daga Latin ya fito, kamar yawancin kalmomin kimiyya. Yaron da tun yana goye yake jin ana kiran huhu "pulmón", ba zai sha wuya ba ranar da ya haɗu da sunan jijiyar huhu a littafin nazarin halittu.

Inda na fi so malamai su tsaya shi ne maganar littafin. Sau da yawa abin da ake kira littafin Sifaniyanci a aji fassara ce kawai ta littafin da aka tsara domin koyar da sautukan Turanci. Da zarar an fassara, kari da amsa-amon da aka gina shi a kansu sun zube, sai jimloli marasa gishiri. Alhali kuwa harshen yana da adabin yara mai tarihi. José Martí, ɗan Kuba, a birnin Niyu Yok ya buga mujallar yara mai suna La Edad de Oro a 1889. Gabriela Mistral ta ƙasar Chile, wadda ta sami kyautar Nobel a 1945, malamar makaranta ce, kuma ta rubuta wa yara waƙoƙi. Pura Belpré, 'yar Puerto Riko, ta fara aiki a babban ɗakin karatu na Niyu Yok a 1921, tana tara yaran baƙin haure tana ba su tatsuniyoyin tsibirinsu da harsunan biyu, kuma tun 1996 ana ba da kyautar adabin yara da sunanta. Waƙar reno da tatsuniya ba ado ba ne a wannan aiki. Maimaita sauti da suke yi shi yake koya wa kunnen yaro rarrabe gaɓoɓi tun kafin ya riƙe fensir. Bugu da ƙari, uwar da ba ta jin Turanci za ta iya zama da ɗanta da dare ta karanta masa, ta gyara masa inda ya yi tuntuɓe. Littafin Turanci yana mayar da ita 'yar kallo.

Sai dai kuma zaɓen littafin yana son lura, domin Sifaniyancin ba iri ɗaya ba ne. Motar bas a Meksiko "camión" ake ce mata, a Kuba da Puerto Riko "guagua", a Chile kuwa "guagua" jariri ne. Malamin da ya ɗauko littafin da aka buga a Madrid ya miƙa wa ɗan Meksiko ba tare da ya duba ba, zai iya sa yaron ya ɗauka maganar gidansu ce gurɓatacciya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin duk wanda ya taɓa jin yadda ake yi wa Basakkwace dariya a ajin Kano.

Mai karatu zai lura cewa rubutunmu na boko ma haka yake, wasali biyar, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa. Saboda haka hujjar gadar nan ta shafe mu. Amma kafin mu yi doki, mu dubi abin da ya sami Kalifoniya bayan 2016. Doka ta ba da izini, iyaye suka yi ta neman guraben azuzuwa masu harshe biyu, sai aka tarar malamai ba su isa ba, domin a shekarun hanin yawan waɗanda ake horarwa a wannan fanni ya ragu ƙwarai, wasu daga cikin waɗanda suka ƙware kuma sun koma koyarwa da Turanci zalla.