Dakuwa Cikin Takarda Mai Ƙyalli

Jama'a, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani ranar ziyara ta zangon da ya wuce. Wani abokina ɗan Gwandu, mahaifiyarsa ta kawo masa ƙuli-ƙuli da dakuwa cike da kwano. Maimakon ya yi murna, sai ya yi wuf ya tura kwanon ƙarƙashin gado, wai don na kusa da shi an kawo masa wata alewa daga kanti a Birnin Kebbi, irin wadda ake cewa tana ƙara kuzari. An naɗe ta da takarda mai ƙyalli, ga hoton mutum yana gudu a jiki. Abin nan ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin ni da kuɗin dakuwa Inna take saya mini littattafai can gidanmu a Kalgo.

Da aka cinye alewar na roƙi takardar na karanta. Me zan gani? Gyaɗa, da wani hatsin Turai, da dabino, da sukari. Ashe dakuwa ce ta yi ado!

Ba na ce abin banza ba ne. Yana da amfani ga waɗanda aka yi dominsu. A shekarar 1986 wani gwanin gudu ɗan ƙasar Kanada, Brian Maxwell, ya fara yin PowerBar a Amurka, don masu gudun yada ƙanin wani, watau masu cin kilomita 42 a ƙafa. Mutumin da ke irin wannan aiki jikinsa na ƙone sukari nan take. To, mu fa? Daga ɗakin kwana zuwa aji, daga aji zuwa ɗakin cin abinci, sa'an nan a zauna karatun dare. Ina gudun yake?

Wasu daga cikin irin wannan alewa suna ɗauke da sukari har giram 20, watau cokalin shayi 5 a guda ɗaya. Alhali kuwa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake zubawa a abinci kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babban mutum. Wanda ya ci biyu, ya kora da lemon kwalba, ai ya zarce ke nan. Haƙora su ne za su fara biya. Kuma cikin ba ya daɗewa sai ya sake kira.

Gyaɗar nan da muke rainawa kuwa, likitoci ba su raina ta ba. Lokacin yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, abincin da aka yi ta ceton yara da shi a Maraɗi markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da aka haɗa da madarar gari, da mai, da sukari, da bitamin. Ƙuli-ƙuli ma, tun da an matse mansa, abin da ya rage mai gina jiki ne. In ka jiƙa gari ka farfasa shi a ciki, sai ka wuni garau.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, namu ma ba a rasa aibi. Kantun riɗi sukari ne ya riƙe shi. Gyaɗar da ta yi funfuna a ajiya tana haifar da dafi mai lalata hanta, ko an soya ta ba ya fita duka. Wadda aka baza a tire, ƙura da ƙuda na sauka, ita ma ba abin sha'awa ba ce. Saboda haka Inna kan tsince gyaɗarta ɗaya bayan ɗaya, mai baƙi da mai ɗaci ta zubar, ko da ribar za ta ragu.

Iyayenmu, don Allah kada wani ya matsa wa kansa saboda takarda mai ƙyalli. Kuɗin guda ɗaya zai sayi ƙuli-ƙulin kwanaki. Ku dai tabbata ya bushe sarai, a sa shi a abu mai murfi.

Kwanon abokina kuwa bai yi mako ba ya ƙare. Mai alewar kanti ne ya fi kowa sa hannu a ciki.