Lasifikar Tsakiya, Mai Ɗauke da Maganar Fim

 Sharhinmu na yau a kan wani ɗan akwati ne da ke falon gidaje da dama, wanda masu saye ba su cika waiwayarsa ba.

Wanda ya taɓa shiga kasuwar Alaba da ke Ojo, ko ya bi ta shagunan kayan lantarki na Oshodi, ya san yadda ake cinikin hom tiyata. Yaron shago zai saka waƙa mai nauyin ganga, ya murɗa ƙara har gilashi ya soma karkarwa, ya ce, "Alhaji, ka ji duka?" Alhaji ya ji dukan a ƙirjinsa, ya biya, a ɗaure masa kwali. Da dare iyali su zauna kallon fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, sai ka ji Hajiya tana tambaya, "Me ya ce?" A ƙara murya. Ana cikin haka kiɗa ya ɓarke ko a fara harbi, ɗaki ya ɗauka, jariri ya farka, a yi maza a rage. Haka za a kwana da rimot a hannu. An kashe kuɗi mai yawa, amma maganar da aka zauna dominta ba ta fita.

Lambar 5.1 da ake rubutawa a jikin kwali tana nufin lasifika biyar da wufa guda: ta hagu, ta dama, ta tsakiya, biyu na gefe ko baya, sai wufar da ke fitar da rugugi. A finafinan da aka haɗa wa sauti bisa wannan tsari, kusan dukkan maganar 'yan wasa ta hanyar lasifikar tsakiya take bi. Sauran na kiɗa ne da ƙarar mota da ruwan sama. Ga shi kuwa a yawancin kayan da ake kawo mana, ita ce mafi ƙanƙanta, mafi rashin nauyi, wadda kamfani ya fi yi wa rowa.

Wannan lasifika tana da dalilinta tun asali. A watan Afrilun 1933 injiniyoyin Bell a Amurka, ƙarƙashin Harvey Fletcher, suka ɗauki kiɗan da ake yi a birnin Philadelphia suka aika ta wayar tarho zuwa wani zaure a Washington, ya fito ta lasifika uku: hagu, tsakiya, dama. Fim ɗin Fantasia na Disney a 1940 ya yi amfani da uku a bayan majigi. Tsarin Dolby Stereo da fim ɗin Star Wars ya shahara da shi a 1977 yana da ta tsakiya, haka Dolby Digital da ya fito da fim ɗin Batman Returns a 1992. Abin da injiniyoyi suka gano shi ne, lasifika biyu suna iya sa ka ji kamar murya na fitowa daga tsakiya, amma sai in kana zaune daidai tsakaninsu. Da ka gusa gefe, murya ta koma lasifikar da ta fi kusa da kai, bakin mai magana na nan, muryarsa na can. Gidan silima kuwa cike yake da mutanen gefe.

Falonmu ma haka yake. Maigida a kujerarsa, yara a kan kafet, uwargida can kusa da ƙofa, baƙo a kusurwa. A ɗaki da falo irin na gidajen haya na Legas, mutum ɗaya ne kawai ke samun tsakiya. Don haka abu na farko da nake so mai saye ya auna shi ne yadda lasifikar ke yi wa na gefe. Mafi yawan lasifikun tsakiya a kwance suke, da matsakaitan baki biyu hagu da dama, da ɗan ƙaramin baki mai siririn sauti a tsakaninsu. An yi su haka ne don su shiga ƙarƙashin talabijin. Illar ita ce, wanda ke gefe ya fi kusa da baki ɗaya a kan ɗayan, sautin biyun ba sa iso masa lokaci guda, sai su riƙa kashe juna a daidai wurin da muryar ɗan Adam take. Shi ya sa wanda ke zaune a tsakiya ke cewa yana ji sarai, na gefe kuma yana jin kamar an toshe wa mai magana baki. Wadda aka ɗora mata ƙaramin bakin a saman wani matsakaici, sannan manyan biyu a gefe, ta fi adalci ga kowa, ko da yake ta fi tsada kuma ta fi tsayi. In wuri ya ba da dama, lasifika irin ta hagu da dama sak, a tsaye, ta fi su duka.

Wannan ya kawo mu ga batun dangi. Ta tsakiya ta zama daga kamfani ɗaya, jeri ɗaya da na hagu da dama. In ɗan wasa ya taho yana magana daga gefen allo zuwa tsakiya, bai kamata muryarsa ta sauya kamar an canja mutum ba. Masu haɗa kayan tokumbo ɗaya daga nan ɗaya daga can su kula da wannan.

Sai lambobin jikin kwali. In kun ga an rubuta dubban wat da haruffan PMPO, ku kau da kai, lamba ce ta talla. Ku nemi wadda ke ɗauke da RMS. Ku duba om: amfilifaya masu zaman kansu galibi suna son lasifika mai om 6 ko 8, alhali kayan da ke zuwa a kwali ɗaya sau da yawa nasu om 3 ne ko 4. Haɗa mai ƙarancin om da amfilifayar da ba a yi ta don haka ba yana sa ta zafi, ta riƙa kashe kanta, wani lokaci ta ƙone. Akwai kuma lambar da ke nuna saurin amsawar lasifika: mai desibel 90 tana bukatar rabin wutar da mai 87 ke bukata kafin su yi ƙara ɗaya.

Amma kunne ya fi kwali gaskiya. Ku tafi kasuwa da abin gwajinku a waya ko filashi: labarai, ko wa'azi, ko wani fage na shirin Daɗin Kowa inda mutane ke hira kawai. Ku roƙi mai shago ya rage wufa, ya sa ƙarar daidai yadda za ku saurara da dare. Ku tsaya a gaba, ku matsa hagu, ku matsa dama, ku tsuguna kamar yaro a kafet. Ku saurari muryar namiji da ta mace, ku kula da harufa irin su s da sh da ts da f, domin a siririn sauti suke, su ne ke fara ɓacewa, kuma da su ake rarrabe kalmomi. Ku karɓi rasit, ku ji sharaɗin mayarwa kafin ku bar shago.

Akwai gaskiyar da masu shago ba sa faɗa. Yawancin abin da muke kallo, finafinan Kannywood da shirye-shiryen da ke YouTube, sautinsu hanya biyu ce kawai. Kafin ta tsakiya ta yi aikinta a kansu, sai amfilifaya na da tsarin da ke zaro murya ya tura mata, irin Dolby Pro Logic II ko waɗanda suka biyo bayansa. Wasu kayan masu araha lasifika shida gare su, amma sauti ɗaya suke watsawa ko'ina. Gwajin mai sauƙi ne: ana magana a fim, ku kara kunne a na baya. In maganar na fita daga can da ƙarfinta, ba 5.1 na gaskiya ba ne. A ganina, wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya sayi lasifika biyu nagari da ya kwaso shida marasa inganci.

In an kawo lasifikar tsakiya gida, kada a cusa ta can cikin kabad, kada a ɗora mata fulawar roba ko a rufe ta da ƙyalle. A jawo ta bakin katakon, dab da allo, a ɗan ɗaga gabanta ya fuskanci kunnen masu zama. A cikin saitin amfilifaya a bar wa wufa duk sautin da ke ƙasa da haz 80, a ƙara wa ta tsakiya desibel biyu ko uku, a kunna tsarin dare in akwai.

Abin da ya sa na damu da wannan batu shi ne maƙwabta da kunnuwa. Bangonmu ɗaya da mutane, rugugin wufa kuma shi ne ke ratsa bulo, ba magana ba. Mai ƙure ƙara don ya ji hira a kan hayaniyar janareta yana hana ma'aikacin da zai fita da asuba barci, yana kuma gajiyar da kunnen 'ya'yansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar lafiya ga babba ita ce desibel 80 na awa 40 a mako, kuma lokacin yana raguwa sosai da zarar ƙarar ta haura. Hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, ma tana rufe wurare saboda hayaniya. Lasifikar tsakiya mai kyau tana sa a ji magana ba tare da an kai can ba.

Idan kuwa an gyara komai, yara suna ji, amma Baba ko Hajiya har yanzu suna tambayar me aka ce, to matsalar ta bar lasifika. Jin siririn sauti shi ne ke fara raguwa da shekaru. A kai su a auna musu kunne. Asibitin koyarwa na LUTH yana nan Idi-Araba, kuma yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro.