Tsohuwar mota a kan bashi: Lissafin da ba a yi wa mai saye a wurin dillali

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sannan Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yuni, sabuwar mota ta fita daga lissafin yawancin ma'aikata. Dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati, ta haura 1,500 a farkon 2024. 'Yar Kwatano ma, wadda da ita talaka ke rufa wa kansa asiri, ta bi sahu, domin da dala ake sayo ta, kuma da farashin dala kwastan ke lissafa harajinta.

Shi ya sa kasuwa ta koma kan motocin da suka shekara 15 zuwa 20: Corolla da Camry da Honda Accord na tsakanin 2003 da 2010, da Pontiac Vibe, da Peugeot 406. Su ɗin ma kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihu. Motar naira miliyan 8 ta kai albashi mafi ƙanƙanta na 70,000 na wata 114, wato shekara tara da rabi ba ci ba sha. Wannan giɓi ne ya buɗe ƙofar sayar da mota a biya kaɗan-kaɗan, kuma a nan ne mutane da dama ke ƙonewa, saboda abin da suke tambaya kawai shi ne nawa za su riƙa biya a wata.

"Mota ba ta faɗuwa"

Akwai wata magana da ta samu gindin zama a kasuwar motoci, cewa yanzu mota kadara ce kamar fili. Hujjar ita ce mutane sun sayi mota, sun hau ta shekara biyu, sun sayar da ita fiye da yadda suka saya.

Haka ne a takardar naira. Amma a ɗauki wanda ya sayi mota miliyan 4 a farkon 2023, lokacin da dala ke kusan 750 a kasuwar bayan fage. Ya biya kimanin dala 5,300 ke nan. Idan ya sayar da ita miliyan 7 a lokacin da dala ke 1,500, dala 4,700 ya karɓa, ko ƙasa da haka kaɗan. Motar ba ta ƙara daraja ba, naira ce ta zube.

Wannan bambanci na da muhimmanci ga mai cin bashi. Wanda ya ci bashin naira ya sayi mota kafin 2023 ya dace, domin faɗuwar naira ta rage masa nauyin bashin. A 2025 kuwa naira ta ɗan natsu a kewayen 1,500. Wanda ya karɓi tsohuwar mota da riba mai yawa yana jiran farashi ya sake ninkawa, caca yake yi a kan abin da ya riga ya wuce.

Mene ne farashin adalci?

Najeriya ba ta da wani kundin farashi da kowa ya yarda da shi, don haka sai an taka da ƙafa. Abin da ake nema shi ne nawa aka sayar da irin motar, mai shekara ɗaya da lafiya ɗaya, a 'yan makonnin nan. Kuɗin da ake sa wa a Jiji ko Facebook bakin farko ne na mai kaya, sau da yawa da la'adar dillalai biyu ko uku a ciki.

Shekarar motar ma sai an tabbatar. Ana canza wa tsohuwar mota fitilu da bamba a ce ta 2012 ce alhali ta 2008 ce. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ba ta ƙarya idan ba a taɓa ta ba, kuma a motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka, harafi ko lamba ta goma ce ke nuna shekara. Da lambar ake neman tarihin motar a shafuka irin su Carfax. Da yawa daga motocin da ke shigowa an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye, a kamfanoni irin su Copart. Motar da ta sha ruwa tana iya ƙyalli a rana, sai bayan wata uku wayoyinta su fara haukata.

Sai takardun kwastan. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da ta yi arha da yawa kuma takardunta ba su fito fili ba, mai yiwuwa ta bayan gida ta shigo. Idan jami'ai suka kama ta a hanya, mai bashi ba zai yafe ko sisi ba.

Daga nan sai a kai ta wurin bakaniken da mai saye ya zaɓa da kansa, ba wanda dillali ya nuna ba. A sa mata kwamfuta, a duba inji da giya da shokozoba da esi, a leƙa ƙasa a ga ko an cire abin da kanikawa ke kira indomi, wanda ake yankewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Duk gyaran da aka gano, a tambayo kuɗin kayansa a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, a cire daga farashi. Motar miliyan 8 da ke buƙatar giya da tayoyi huɗu ba ta miliyan 8 ba ce.

Inda ribar ke ɓuya

A ce an daidaita a miliyan 8 kuɗi hannu. Dillali ya ce a ba da miliyan 3 kafin alƙalami, sauran a riƙa biyan 550,000 duk wata har wata 12. Jimilla miliyan 9.6. Ƙarin miliyan 1.6 a kan bashin miliyan 5 ya yi kama da kashi 32 cikin ɗari, kuma ga wanda ya san Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, kafin ya rage zuwa 27 a Satumban 2025, zai ga ai babu laifi.

To amma mai saye bai riƙe miliyan 5 ɗin shekara guda ba. Tun watan farko ya fara mayarwa, zuwa tsakiyar shekara kusan rabi ya koma hannun mai shi, amma ribar an lissafa ta kamar duka kuɗin na hannunsa har ƙarshe. Idan aka auna ta a kan abin da ya rage kowane wata, ta haura kashi 50 cikin ɗari a shekara. Don haka tambayar da ya kamata a yi wa banki ko kamfani ita ce: a kan asalin bashin ake lissafi, ko a kan abin da ya rage?

Bayan haka akwai ƙananan caje-caje: kuɗin fom, kuɗin na'urar bibiya, da inshora. Mai ba da bashi ba ya yarda da ƙaramar inshorar nan ta naira 15,000. Cikakkiya yake nema, wadda hukumar NAICOM ta ce daga Janairun 2023 kada ta gaza kashi 5 na darajar mota. A motar miliyan 8, naira 400,000 ke nan kowace shekara.

Masu gudun kuɗin ruwa na komawa Jaiz ko TAJBank ko Lotus, inda ake amfani da murabaha: banki ya sayi motar, ya bayyana ribarsa, ya sayar a kan farashin da ba ya canzawa. Wannan ya warware matsalar shari'a, kuma tsayayyen farashi kariya ce. Sai dai halacci daban, arha daban. Ribar murabaha ma sai an yi mata lissafin da ke sama.

Tsawon wa'adi shi ne tarko na ƙarshe. Ƙara watanni na rage biyan wata, amma motar da ta shekara 17 ba ta san da yarjejeniya ba. Idan injinta ya buga a wata na 14 cikin 36, ga kuɗin gyara ga biyan wata, ga kuma kuɗin adaidaita sahu zuwa aiki. A irin wannan mota, bashin da ya wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ganganci ne, kuma wanda ba shi da ajiyar gyara bayan ya biya kafin alƙalami bai shirya ba tukuna.

Kafin sa hannu, a karanta abin da zai faru idan an gaza biya. Wasu yarjejeniyoyin na cewa a ƙwace motar, abin da aka biya ya zama kuɗin haya. Dokar Hire Purchase ta 1965 ta ce idan an biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, mai ita ba zai karɓe ta ba sai ta hanyar kotu, ko da yake ta ba shi damar ajiye ta a wurinsa idan an tara biya uku ba a yi ba. Wannan kariya na aiki ne ga yarjejeniyar da aka ƙulla a kan wannan tsari.