Hawan dutse cikin hayaƙi ba jarumta ba ce

A yammacin Amurka, daga Yuli zuwa Oktoba, wutar daji kan turnuƙe sararin sama da hayaƙi, amma masu hawan ƙananan duwatsun hamadar Mojave ba sa fasawa. Wai dutsen ƙarami ne, kuma me zai ƙone a hamada? To, iska ke kwaso hayaƙin daga nesa. Hamadar ma tana kamawa: a Agustan 2020 wuta ta cinye bishiyoyin Joshua sama da miliyan ɗaya a Cima Dome, Kalifoniya.

Mai hawa haki yake yi, yana zuƙar burbushin hayaƙi har cikin huhu. Ƙyalle ba ya tare shi, sai takunkumin N95. In ma'aunin gurɓatar iska, AQI, ya haura 150, malam, ka haƙura. Ko ka kai ƙoli, hazo kawai za ka gani.